Besbol da kwandon jami'o'i: wai me Amurkawa suke gani a ciki ne?

Wani ƙanenmu da ya zo karatu Amurka bana ya turo min tambaya, ya ce shi tun yana yaro ɗan ƙwallon ƙafa ne, Firimiya da gasar zakarun Turai, amma tun da ya sauka 'yan ajinsu ba su da hira sai ta besbol da ƙwallon kwandon jami'o'i. Ya gwada kallon besbol barci ya kwashe shi. Shi ne yake tambaya wai me mutum yake ji a abin nan har ya riƙa bin sa kullum, kuma in zai fara ta ina zai fara.

Toh ƙanena, barcin nan ba laifinka ba ne, da idon ƙwallon ƙafa ka shiga. A Firimiya ƙungiyarka wasa 38 take yi, kowane wasa sati guda kana jiran sa, in an take minti 90 ko ruwa ba ka tashi sha. Besbol ba a haka aka gina shi ba sam. Kowace ƙungiya a babbar gasar MLB wasa 162 take bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, hutun ɗaiɗai ne a tsakani, kuma ba wani mai hankali da zai zauna ya ƙura wa talabijin ido sau 162. Yadda masu abin suke yi shi ne a kunna a bar shi yana tafiya, kana girki ko kana tuƙi ko kana fama da aikin makaranta, in ka ji muryar mai sharhi ta ɗaga sai ka ɗago kai ka ga me ya faru. Kamar teburin mai shayin unguwa ne, ba don wani babban abu zai faru kake zuwa ba, ka dai san kullum da yamma yana nan da mutanen da ka saba da su, wata rana hira ta yi zafi wata rana shiru.

Kuma akwai wani sauƙin zuciya da wannan yawan wasannin yake kawowa wanda mu 'yan ƙwallon ƙafa ba mu san shi ba. An cinye ku yau? Gobe da ƙarfe bakwai akwai wani, galibi ma da ƙungiyar da ta cinye ku ɗin, domin a jere ake bugawa wasa uku ko huɗu da ƙungiya ɗaya kafin a tashi zuwa wani gari. Ƙungiyar da ta fi kowa a shekara takan sha kashi wajen sau 60. Seattle Mariners a 2001 sun ci wasa 116, wanda ba a taɓa wuce shi ba, amma su ma sai da aka doke su sau 46. Saboda haka babu wannan zaman makokin na sati guda abokai suna bin ka da zolaya a WhatsApp.

Dokokin kuma kar ka ce sai ka haddace su duka, littafin yana da kauri kuma yawancin 'yan kallo ba su taɓa buɗe shi ba. Abin da kake buƙata kaɗan ne. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye kowace ƙungiya tana samun damar duka har sai an fitar mata da mutum uku. Mai duka in ya buga ƙwallo yana gudu ne ya zagaya tasha uku ya dawo gida, duk wanda ya dawo gida maki ɗaya. In ya buga ta ta tsallake katanga shi ne hom ron, shi da duk wanda ke tsaye a tasha sun dawo gida kyauta. Shikenan. Ba agogon tashi daga wasa, kana da fita 27 a hannunka, kuma har sai an karɓe ta 27 ɗin wasa bai ƙare ba ko da an ba ku ratar maki biyar. Ba ɓata lokaci, ba kwanciya a ƙasa ana riƙe ƙafa, dole mai jifa ya jefo ƙwallon nan komai tsoronsa.

Amma inda daɗin yake, wanda in ba a nuna maka ba ba za ka gani ba, shi ne abin da ke tsakanin mai jifa da mai duka. Tazararsu ƙafa 60 da inci 6 ce, mita 18 da ɗan ɗori, kuma ƙwallon tana zuwa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wani lokacin fiye, wato ƙasa da rabin daƙiƙa mai duka yake da shi ya yanke shawara zai kai duka ko zai ƙyale. In jifa ta bi ta inda ya kamata ya ƙyale, ko ya kai duka ya kuskure, sitiraik ɗaya, uku ya fita. In jifa ta kauce ya ƙyale ta, ana kiran ta bol, huɗu ya tafi tashar farko kyauta. Toh ka riƙa duba lambobin nan biyu da ke gefen allo, ta farko yawan bol ce ta biyu yawan sitiraik. In ka ga 3-1, mai jifa ne a matse, dole ya kawo ta tsakiya, mai duka ya san haka yana jira, filin gaba ɗaya ya san haka. In ka ga 0-2 kuma mai duka ne a cikin rami, sai mai jifa ya fara wasa da hankalinsa, ya jefo wadda za ta taho kamar tana zuwa tsakiya a ƙarshe ta nutse ƙasa, kaga babban mutum mai albashin miliyoyi ya kai wa iska duka har ya kusa faɗuwa. Akwai jifa mai gudu, akwai mai lanƙwasa, akwai wadda hannu yake fita da ita kamar mai gudu amma ta taho a hankali don ta ruɗe shi. Mai kamun da ke tsugune a baya shi da mai jifa suke ƙulla wadda za a jefo. Ranar da ka fara cewa a ranka "yanzu mai lanƙwasa zai kawo" kuma ya kawo ta, wallahi daga ranar barci ya bar ka.

Ka kuma san cewa wasa ne da gwani yake faɗuwa fiye da yadda yake ci. Wanda yake samun duka mai kyau sau uku cikin goma tauraro ne, shi ne .300 ɗin da za ka ji suna ta faɗa. Mutum na ƙarshe da ya kai huɗu cikin goma a kaka guda shi ne Ted Williams na Boston, .406 a 1941, har yau ba a sake ba.

A da ƙorafin mutane shi ne tsawon wasa, kuma suna da gaskiya, a 2022 matsakaicin wasa ya haura awa uku, mai duka ya fita ya gyara safar hannu, mai jifa ya zagaya ya tofa yawu ya dawo. A 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 in ba kowa a tasha, sai wasa ya dawo wajen awa biyu da minti 40. Tsofaffin masoya sun yi ta gunaguni, ni dai a ganina gyara ne mai kyau, ka zo a daidai lokacin da abin ya fi daɗin kallo.

Shawarata ka gwada shi a rediyo ko a waya da abin kunne. Besbol wasan kunne ne, tsakanin jifa da jifa akwai sarari, masu sharhi suna cika shi da labari. Vin Scully ya yi wa Dodgers sharhi shekara 67, daga 1950 suna Brooklyn har 2016 a Los Angeles, kaka da jika murya ɗaya suka taso suna ji. Sannan da safe ka duba takardar sakamako a waya, wa ya buga me, wa ya yi jifa zagaye nawa, minti biyu ka gama, kuma wannan ɗan dubawar ta safe ita ce rabin jin daɗin mai bin besbol. Bayan wata guda za ka ga ka san sunayen mutum tara na ƙungiyarka, ka san wanda hannunsa ya yi zafi da wanda ya kwana biyu bai taɓa ƙwallo ba kana tausaya masa.

In ka samu dama ka je fili. Ba sai babban fili ba, matsakaitan garuruwa da yawa suna da ƙaramar ƙungiya ta matasan da ake rainon su kafin su hau MLB, tikitinsu da araha kuma kana zaune dab da 'yan wasa. Manyan filayen kuma kowanne da halinsa, domin nisan katanga ba iri ɗaya ba ne. Fenway Park na Boston tun 1912 yake, yana da koren bango mai tsawon ƙafa 37 a hagu wanda ƙwallon da za ta zama hom ron a wani wuri a nan sai ta daki bango ta dawo. Wrigley Field na Chicago, 1914, ganye ne ya lulluɓe katangarsa, ƙwallo takan shige ciki ta ɓace. A Denver gari yana kan tudu mita 1,600, iska ba nauyi, ƙwallo tana tashi fiye da ko'ina, masu jifa ba sa son zuwa. Abinci dai ka yi hattara, hot dog ɗin nan da kowa ke riƙe da shi wani na naman alade ne ko gauraye, ka tambaya ko ka haƙura. Gyada mai ɓawo ita ce tamu, ana sayar da ita a ko'ina kuma a ƙasa ake zubar da ɓawon ba mai kallon ka. Ana shan giya sosai a wasu ɓangarorin kujeru, in ba ka son hayaniyarsu ka nemi inda iyalai suke zama. Kuma da yake wasan dare ƙarfe bakwai yake farawa, magariba za ta same ka a ciki lokacin bazara, ka tashi ka nemi lungu ka yi sallarka ka dawo, da wuya ka rasa abin da ya fi zagaye ɗaya.

Wace ƙungiya? Ta garin da kake, ko mafi kusa. Ƙungiya 30 ce, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma ba a faɗuwa ƙaramin rukuni, ko kun zo na ƙarshe baɗi kuna nan. Kar ka yi irin tamu ta zaɓar mai yawan kofi, in haka ne New York Yankees ce mai 27, amma daɗin abin shi ne mai gadin ginin ku da direban bas da malaminka duk abu ɗaya suke bi, ka samu abin buɗe hira da kowa. Kuma masoyan da suka fi kowa jin daɗi su ne waɗanda suka sha jira. Chicago Cubs sun ɗauki kofi a 1908 ba su sake ba sai 2016, shekara 108, kuma sai da aka kai wasa na bakwai da Cleveland, aka yi kunnen doki aka shiga zagaye na goma, ruwan sama ma ya tsayar da wasa a tsakani. Mutane sun je maƙabarta suna kai wa iyayensu hular ƙungiya. Ranar 15 ga Afrilu kuma za ka ga kowane ɗan wasa sanye da lamba 42, ba kuskure ba ne, ranar ce a 1947 Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers ya karya shingen da ya hana baƙar fata shiga gasar shekaru da dama. A yanzu wanda za ka buɗe ido ka kalla shi ne Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke Dodgers, yana jifa yana duka, abin da aka ɗauka ya wuce tun zamanin tsohon tauraron nan Babe Ruth, kuma a 2024 ya yi hom ron 54 ya saci tasha 59, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba lokacin da ake jifa ba tare da jiran duka ba, ba wanda ya taɓa haɗa 50 da 50 kafin shi.

Ana gama World Series, wato wasannin ƙarshe na kofin MLB, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, cikin 'yan kwanaki kwandon jami'o'i ya buɗe, shi kuma yana ƙarewa a farkon Afrilu lokacin besbol ya riga ya dawo. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya yana bin su biyun, shekararsa ba ta da rami. Amma halinsu ya bambanta kwata-kwata, kuma na tabbata kwandon zai fi saurin kama ka domin zafinsa irin wanda ka sani ne.

Kar ka haɗa shi da NBA. A NBA ƙwararru ne, wasa 82, wani daren kana gani ka san ba da gaske suke ba. A jami'a yara ne 'yan shekara 18 zuwa 23, wasa talatin da 'yan kai kawai suke da shi, minti 40 a rabi biyu, agogon harbi, wato lokacin da ƙungiya take da shi ta jefa ƙwallo kwando, daƙiƙa 30 maimakon 24, laifi biyar an kore ka. Suna kuskure da yawa, suna zubar da ƙwallo, suna firgita in fili ya ɗau ihu, kuma wannan ne daɗin, domin ratar maki goma ba komai ba ce. Yawancinsu ba za su taɓa shiga NBA ba, wanda yake shekarar ƙarshe ya san in aka fitar da su yau ya gama ƙwallo ke nan har abada, shi ya sa za ka ga ƙato yana kuka a benci da tawul a ka.

Kai da kake ɗalibi ma ka fi kowa sa'a, makarantu sama da 350 ne a rukunin farko, akwai yiwuwar taku tana ciki, kuma ɗalibai galibi kyauta suke shiga ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ka shiga ɓangaren ɗalibai, a tsaye ake kallo daga farko har ƙarshe, ga 'yan badujala suna busa, ga waƙoƙin tsokana da aka gada shekara da shekaru, kuma yaron da ke zura ƙwallon nan gobe da safe kuna layi ɗaya a wurin cin abinci. A Jami'ar Duke ɗakin wasansu mutum 9,314 kawai yake ɗauka, ɗalibai suna kafa tanti a waje cikin sanyin Janairu da Fabrairu na makonni don su samu shiga wasansu da North Carolina, makarantar da ke nesa da su da kamar kilomita 15. Gabar nan ta kai duk wata dabi da ka sani. Abin mamaki ba su taɓa haɗuwa a babbar gasar ƙasa ba sai 2022, a wasan kusa da na ƙarshe, kuma North Carolina ta yi nasara a wasan da ya zama na ƙarshe ga kocin Duke Mike Krzyzewski bayan shekara 42 da kofi biyar. Har gobe 'yan Duke ba sa son a tayar da zancen.

Sai Maris. March Madness, wato babbar gasar ƙasar nan ta kwandon jami'o'i, a 2025 makaranta 68 ce, sili ɗaya ƙwale, wasa 67 cikin sati uku. Duk wadda ta ci gasar rukuninta tana da kujera komai ƙanƙantarta, sauran kwamiti ne yake zaɓa ya jera su daga 1 zuwa 16 a shiyya huɗu. Alhamis da Juma'ar farko wasa 16 ake yi kowace rana daga tsakar rana har tsakar dare, ofisoshi aiki yake tsayawa, a aji za ka ga kowa da waya a ƙarƙashin tebur. Kuma kowa ƙaramar makaranta yake goya wa baya. Shekara da shekaru mai lamba 16 ba ta taɓa doke mai lamba 1 ba a gasar maza, sai 2018 wata UMBC ta Baltimore ta lallasa Virginia 74-54, ba ma da ƙyar ba. Virginia ɗin ta dawo a 2019 ta ɗauki kofin gaba ɗaya. A 2023 Fairleigh Dickinson, waɗanda suke cikin mafi gajerun 'yan wasa a ƙasar, suka fitar da Purdue mai Zach Edey ɗan ƙafa bakwai da inci huɗu. Za a miƙo maka takardar hasashe ka cike wa zai ci wa har ƙarshe, ka cike, ba a taɓa tabbatar da wanda ya dace duka ba kuma sau da yawa wadda ta zaɓa da kalar riga ita take doke masana. Sai dai in an ce kowa ya zuba dala goma wanda ya ci ya kwashe, ka san sunan wannan, ka ce kai na kyauta za ka shiga, akwai su da yawa. Tallan caca ya cika wasannin Amurka yanzu, ka toshe kunnenka.

Za ka kuma ga namu a ciki. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston, ya kai wasan ƙarshe a 1983 NC State ta cinye su 54-52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka ba gwarzon gasar, a 1984 kuma aka ɗauke shi na farko a NBA, Michael Jordan na uku. Joel Embiid daga Yawunde ta Kansas ya bi. Masai Ujiri da ya haɗa Toronto Raptors ɗin da suka ci NBA a 2019 a Zariya ya tashi ya koyi kwando, kuma ta wata ƙaramar kwaleji a North Dakota ya bi. Wanda ya fi burge ni shi ne Adama Sanogo ɗan Mali, a 2023 gasar ta faɗo cikin Ramadan, yana azumi yana bugawa Jami'ar Connecticut (UConn), suka ɗauki kofi aka ba shi gwarzo. Besbol kam Afirka ba mu da yawa, sai 2017 aka samu haifaffen nahiyar na farko a MLB, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, can 'yan Dominika da Venezuela da Kyuba da Japan ne suka cika.

Na mata ma kar ka raina. Caitlin Clark ta Iowa ta gama da maki 3,951, ta wuce tarihin Pete Maravich da ya tsaya tun 1970, kuma wasan ƙarshe na mata a 2024 tsakanin Iowa da South Carolina ya fi na maza yawan masu kallo a talabijin.

Abin da ke ba ni haushi a kwandon jami'a guda biyu ne. Minti biyun ƙarshe sukan ci minti ashirin, laifi da gangan, hutun koci, alƙalai sun tafi duba allo, talla, a dawo a sake. Na biyu kuma 'yan wasa ba sa zama yanzu. Gwanaye shekara ɗaya suke yi su wuce NBA, kuma tun 2021 da aka halatta musu samun kuɗi da sunansu aka kuma sauƙaƙa sauya makaranta, yaron da ka so bana baɗi yana sanye da rigar abokan gaba. Haƙƙinsu ne, shekaru makarantu da gidajen talabijin suna kwasar biliyoyi a kansu su ba ko sisi, ban ga laifinsu ba, amma gaskiya ya rage wani abu. Don haka makaranta da koci ake bi, kar ka sayi riga mai sunan ɗan wasa.

In 'yan gida suka ce su ma suna so su gwada, wasan ƙarfe bakwai na gabashin Amurka sha biyun dare ne a Najeriya da Nijar lokacin bazara, ba zai yiwu kullum ba, su nemi wasannin besbol na ranar Lahadi da ake farawa wajen shida na yamma agogon gida, da kwanakin farko na March Madness da ke farawa wajen biyar na yamma. Kai kuma ka fara da kwandon makarantarku a Nuwamba, ka tafi da ɗaya daga cikin 'yan ajin nan naku masu surutu, ka ce ya riƙa yi maka bayani, ba abin da Ba'amurke yake so kamar a tambaye shi dokar wasansa. Besbol ka bari sai Afrilu, ka ba shi wata guda a kunne kafin ka yanke masa hukunci.